Rumbun Hatsin Ikilisiya: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Majalisar dattawa ta amince yau a kafa rumbun hatsi na ikilisiya. Duk mazaunin ƙauyukan da ke tsakanin Billiri da Kaltungo ya san dalili. Da kaka manomi yana sayar da masara a lokacin da ta fi araha, domin kuɗin makaranta da bashin taki da hidimar Kirsimeti duk suna jiransa a lokaci ɗaya. In damina ta yi nisa, daga Yuli zuwa Agusta, rumbunsa ya ƙare, sabuwa ba ta nuna ba, sai ya sayi masarar da tsada ko ya ci bashin da zai biya da ƙari mai nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na niƙa suka hau, abin kuma ya fi danne gwauraye da gidajen da ke riƙon marayu. Ikilisiya ta saba taimakawa da kuɗin baiko, amma kuɗin da ya sayi mudu goma da kaka ba ya sayen goma da marka. Gara a ajiye hatsin kansa.

An naɗa kwamitin mutum bakwai, bisa misalin Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci: dattawa biyu, mata uku daga Zumuntar Mata, matasa biyu. Baba Fasto ba ya cikin kwamiti kuma ba zai riƙe makulli ba. Shi ya roƙi haka, ya ce mai wa'azi a kan bayarwa kada ya zama shi ne mai auna mudu.

Asabar, 26 ga Oktoba

An ba mu tsohon ajin makarantar Lahadi, mita 5 da mita 4. Kwanon rufi yana yoyo a wuri uku, akwai ramukan ɓera biyar a gindin bango, ƙasan ƙofa kuma yatsu biyu suna shiga.

An sauya fallen kwano biyu, an toshe hujin ƙusoshi. Ramukan ɓera an cusa musu fasassun kwalabe kafin a shafe da siminti, don in siminti kaɗai ne gafiya tana sake tonowa ta gefe. Siminti buhu 3 ya ishi ramuka da facin daɓe. Tagogi biyu an sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, ba ragar kaji ba, domin ƙaramin ɓera yana bi ta kafar da ba ta wuce faɗin fensir ba. An buga fallen ƙarfe a ƙasan ƙofa. Kafinta ya haɗa dandamalin katako 6, tsayin kowanne santimita 15 daga ƙasa, kuma an ja layi da fenti rabin mita daga bango: babu buhun da zai tsallake layin nan. Daɓen siminti yana jan danshi ko da ido bai gani ba, buhun da ya jingina da bango kuma tsani ne ga ɓera da gara.

Kwaɗo biyu ne a ƙofar. Makullin ɗaya yana hannun dattijo, na ɗayan yana hannun ma'ajiyar Zumuntar Mata.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Maganar mudu ta ci zaman yau gaba ɗaya, kuma ta cancanci haka. An kawo mudu huɗu daga gidaje huɗu, aka auna masara ɗaya a kan sikeli, babu biyu da suka zo daidai. Wani an buga gindinsa ya loma ciki, wani bakinsa ya buɗe. Ga kuma tsororuwa, wadda hannun mai awo ne ke yanke yawanta. In aka ba gwauruwa da mudu mai lomammen gindi aka karɓa daga mai rance da mai buɗaɗɗen baki, an yi abin da Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana, ko da ba da nufi ba.

An zaɓi mudu ɗaya, aka shafa masa jan fenti a gindi, ba zai fita daga ɗakin ba. Awo a shafe ne, da sanda a kan baki, babu tsororuwa. Ya ɗauki kilo 1.25 na busasshiyar masara, wato mudu 80 a buhun kilo 100. Duk lissafinmu a kan wannan yake.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Godiyar kaka. A da ana yin gwanjon duk abin da aka kawo bayan sujada. Bana kaji da awaki da gyaɗa ne kawai za a sayar, hatsi ya wuce rumbu. Da abin da gonar ikilisiya ta bayar, an ƙidaya masara buhu 52, dawa 21, wake 9. Da aka hau sikeli aka mayar da su kilo 100 cif, sai suka koma masara 47, dawa 20, wake 8, jimla 75. Ba wanda ya yi ha'inci, buhun gona ba ya zuwa daidai. Amma da lambar farko aka rubuta, da ranar rabo an nemi buhu 7 an rasa, kuma sunan wani ne zai ɓaci.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwajin bushewa. Ba mu da na'urar auna danshi, don haka da gishiri da kwalba muka yi. Ana soya gishiri sama-sama a busasshen kasko ya huce. A sami kwalbar gilas mai murfi, busasshiya ƙarau, a zuba hatsi ya kai kashi ɗaya bisa uku, a sa gishiri cokali biyu zuwa uku, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bar ta minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, danshin ya wuce kashi 15 cikin 100. Masarar da za ta daɗe a ajiye kuwa ana son ta sauko wajen kashi 13. Haƙori ma yana faɗa: busasshiyar ƙwaya tana fashewa ƙas, mai danshi tana lotsewa. A ɗebi samfur daga tsakiyar buhu, don na baki kullum ya fi bushewa.

Buhu 11 na masara sun faɗi. Kusan duk daga gonakin nesa da gari suke, inda mutane suka yi saurin karya masara don tsoron ɓarayi ko shigar dabbobi, suka ɓare ta ba ta gama shan rana a totuwa ba. An baza su a kan tamfol, ba a ƙasa ba, kauri kamar yatsu biyu zuwa uku, ana motsawa duk bayan awa biyu, ana tattarawa kafin raɓa ta sauka. Kwana uku suka yi. Wani kuskure da matasa suka so yi shi ne ɗurawa a buhu da zafin rana a jikinta. Sai ta huce a inuwa tukuna, in ba haka ba za ta yi gumi a ciki.

Mata sun zauna da faifai suka tsince ƙwayoyin da suka yi fumfuna, da masu launin kore ko baƙi, da fasassu. Wata mama ta ce a ba kaji. An hana, aka binne. Fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da gubar aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa, tana lalata hanta, tana da hannu a tsumburewar yara, kuma takan bi ta nono da madarar dabbar da ta ci. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta masarar da aka ajiye da danshi. Bushewa da tsinta sun cinye buhu 2. Masara ta koma 45.

Asabar, 14 ga Disamba

Kuɗin da ke hannu ya sayi buhun PICS guda 40 kawai, daga dillalin kayan noma a Gombe. Buhu ne mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba magani a cikinsa. Iska yake toshewa, ƙwarin da ke ciki su shanye wadda ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Saboda haka huji ɗaya kamar na allura ya isa ya ɓata aikin.

Kafin a zuba komai ana buɗe kowace leda ta sha iska, a damƙe bakinta, a danna. In ta saɓe, tana da huji. A sa leda ɗaya cikin ɗaya, a sa su cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan waje. A fara zuba kaɗan don gindi ya zauna babu lanƙwasa, sannan a cika, a bar kamar taƙi biyu na ɗauri. A matse iskar da ke saman hatsi, a murɗa bakin ledar ciki, a lanƙwaso shi, a ɗaure da robar tsohon tif. Sai ta biyu haka nan, sai na waje. Kowanne da ɗaurinsa. Dole a tankaɗe hatsin tukuna, tsakuwa ko guntun totuwa yana huda leda. An rubuta lamba da ranar ɗauri a kowane buhu, an jera biyar-biyar, ba a ja a ƙasa, ba a ɗaga da ƙugiya.

Wake 8 ne suka fara shiga domin shi ƙwari suka fi gaggawar ci, sai masara 32. Masara 13 da dawa 20 suka rage a buhun gama-gari. Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a yayyafa musu maganin ƙwari na kwalba kamar yadda wasu ’yan kasuwa ke yi. Kwamiti ya ƙi. Sinadarin da ke cikinsa, daiklobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi ci, ba za mu auna wa maraya ba. Ƙwayar fostoksin, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, ita ma an ajiye maganarta: hayaƙinta yana kisa, tana bukatar rufi wanda iska ba ta fita da hannun wanda ya koya, ga shi bangon rumbun ɗaya ne da ajin yara.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Dubawar farko ba ta yi daɗi ba. Garin masara a kan katako ƙarƙashin buhunan gama-gari, in ka kasa kunne a jikinsu kana jin ƙwari suna ci. Sati biyar kacal. An zazzage duk 13, aka tankaɗe da rariya, aka shanya kwana biyu. Buhu guda ya tafi a gari da ƙwayoyi masu huji. Masara 44 ke nan, jimla 72.

Ɓera ya huda PICS biyu a kusurwar gabas. Ta sama ya shigo, ta tsakanin bango da kwano, inda ba mu toshe ba. An cike wurin da laka da siminti, an sa tarko huɗu, ba guba.

Jiran da muka yi wa buhunan nan kuskure ne na kwamiti. Mun ɗauka sanyin hunturu zai riƙe ƙwari, alhali tun daga gona suke shigowa cikin ƙwayar. Kuɗin gwanjon awaki da gyaɗa, da gudummawar Zumuntar Mata, sun sayi ƙarin buhu 35. Yanzu komai yana rufe. Da an sayi buhunan tun farko, da sun hana asarar da ta fi kuɗinsu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Rajista. Nan ne aikin ya fi wuya, ya fi siminti da leda. Ba a yi sanarwa daga bagade cewa mabukaci ya zo ya rubuta suna ba, don mai tsananin bukata shi ne ba zai zo ba. Matan zumunta ne suka bi unguwa-unguwa, biyu-biyu, a matsayin ziyara. Abin da suke dubawa: bakuna nawa ke ci a tukunya, gona nawa aka noma, akwai mai ciwon da ya daɗe, akwai ɗa ko ɗan'uwa mai hali da ke aikowa. Tambayar ƙarshe daga 1 Timoti sura 5 take, inda aka ce dangi su fara ɗaukar nauyin gwaurayensu don ikilisiya ta iya da waɗanda ba su da kowa. A gidaje huɗu dattawa sun kira ’ya'yan da ke aiki a birni suka yi musu magana, maimakon a sa iyayensu a rajista.

An sami gidaje 60, mutum 370. Tara daga ciki maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma ta hannun mai unguwa aka bi. An yi muhawara a kan wannan, wani dattijo ya ce hatsin ’yan ikilisiya ne. Uwar Zumunta ta amsa masa a natse: "Baba, rijiyarmu ɗaya da su, ranar da gobara ta kama gidan ɗan'uwanmu su suka fara kawo ruwa." Majalisa ta amince, da sharaɗin ba a haɗa hatsin da gayyatar kowa zuwa sujada ba. Galatiyawa 6:10 ta ce a kyautata wa kowa, musamman iyalin bangaskiya, kuma rabon ya bi wannan tsari.

An kasa buhu 72 gida uku. Kyauta: hatsi 28 da waken duka 8. Rance: 24, rabin buhu ga gidaje 48 masu gona da ƙarfin biya. Ajiyar gaggawa: 12, don gobara, rasuwa ko jinya.

Sai maganar abin da mai rance zai mayar. Wasu sun ce mudu 44 a kan 40, a kira ƙarin kuɗin buhu. Wasu suka ce ruwa ne aka sauya wa suna, Fitowa 22:25 kuwa ta hana karɓar ruwa daga matalauci. An tsaya a kan 40 a mayar da 40. Hukuncin daidai ne, amma yana da farashi, kuma gara ikilisiya ta sani tun yanzu: mun riga mun rasa buhu 3 cikin 75, ledoji kuma ba sa wuce ’yan shekaru. An ware baikon Lahadi ɗaya a watan Oktoba don cike wannan giɓi.

Asabar, 22 ga Maris

Zafi. Buhunan saman jeri suna ɗumi da rana saboda kusancin kwano. An sauke jeri zuwa huɗu-huɗu, an shimfiɗa zana a kan katakon rufi.

Kwamitin gini ya nemi a sayar da buhu 20 a sayi kwano, a mayar da kaka. An ƙi. Wanda ya kawo masararsa ranar godiya an gaya masa inda za ta, kuma in aka taɓa sau ɗaya, badi rabin mutane ba za su kawo ba. Wasu kuma daga waje suna cewa ikilisiya ta shiga ɓoye abinci, har ana jawo Karin Magana 11:26, wadda ta ce mutane suna la'antar mai ɓoye hatsi. Amsar ita ce littafi. An manna lissafin rumbu a allon sanarwa, buhu nawa ya shiga, nawa ya lalace, ranar da za a buɗe. Sunayen masu karɓa ba sa jiki.

Asabar, 17 ga Mayu

Mutum goma sha biyu sun nemi iri. Ba mu bayar da masarar ba, gauraye ce daga gonaki da yawa, wata kuma jikar irin kamfani ce wadda ba ta ba da amfani irin na farko. Wake an gwada: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana bakwai 88 suka tsiro. An ba da mudu 24 daga rarar wake. Badi iri zai sami nasa buhu daban tun daga kaka.

Asabar, 14 ga Yuni

Rabon farko. Mudu 2 na hatsi ga kowane mutum, mudu 3 na wake ga kowane gida: hatsi mudu 740, wake 180. A faɗi gaskiya, mudu 2 kilo biyu da rabi ne, abincin kamar kwana shida ga babba. Tallafi ne, ba ciyarwa ba, kuma an gaya wa kowane gida haka don kada su saki neman da suke yi.

Buhunan sun buɗe lafiya. Masara fes, ƙwarin da ke ciki matattu a gindi. Ɗaya ne ya yi warin tsami, lamba 27, cikin waɗanda aka sake shanyawa. Da alama bai gama bushewa ba, leda kuwa ba ta busar da hatsi, yadda ka sa shi haka za ta riƙe. An fitar da mudu 15 daga samansa aka binne, aka cike daga ajiyar gaggawa.

Tsarin rabon ne ya gaza. An kira kowa ƙarfe goma na safe, layi ya miƙe har bakin hanya a idon masu wucewa. Gidaje 7 ba su zo ba. Wata tsohuwa ta iso bakin ƙofar majami'a da buhunta a naɗe cikin mayafi, ta ga layin, ta juya. Da yamma aka kai mata. Abin da ta ce shi ne, "’Ya'yana, yunwa ta fi mini sauƙi da a nuna ni da baki." Laifin namu ne, Matiyu 6:3, wadda ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke bayarwa, tana gabanmu muka shirya layi.

Asabar, 12 ga Yuli

Rabo na biyu, babu layi. An auna tun jiya, aka ƙulle na kowane gida da lamba a maimakon suna. Matan zumunta da matasa suka kai da baro da babur bayan faɗuwar rana, mai karɓa ya dangwala yatsa a katin gidansa. Duk 60 sun samu. Ya ci kwana biyu da man babur lita 4.

Wata matsala ta fito a ziyarar: gidaje da dama suna sayar da mudu ɗaya cikin abin da aka ba su don biyan surfe da niƙa. An yi magana da mai inji a unguwa, ikilisiya za ta biya shi a dunƙule a ƙarshen wata, mai kati ya niƙa ba tare da kuɗi ba. An kuma buɗe rance. Gidaje 41 sun karɓi mudu 40-40, kowanne da shaida ɗaya, ranar biya kafin godiyar kaka.

Asabar, 9 ga Agusta

Rabo na uku ya fita jiya da yau. Marka ta sa hanyar unguwannin ƙetaren rafi ta yanke, sai da matasa suka ɗauka a ka, an lulluɓe da leda.

Abin da ke rumbu: rance buhu 3 da rabi, ajiyar gaggawa buhu 8 da mudu 65 bayan rasuwa biyu da jinya ɗaya da cikon lamba 27, ragowar kyauta mudu 20, wake mudu 76 da za a kai gidajen masu shayarwa da ƙananan yara cikin makon nan. Ledojin da aka zazzage an goge su, an gwada da iska. Guda 9 sun huje, sauran an naɗe an rataye a igiya inda ɓera ba ya kaiwa.

Bangon arewa ya fara jan ruwa daga gindi, tsayin taƙi ɗaya. Ruwan indararo ne ke zuba a wurin. Ranar Talata matasa za su haƙa magudana, an matsar da dandamali biyu zuwa tsakiyar ɗaki. Tamfol biyu za a saya kafin Oktoba a riƙa ara wa masu gonakin nesa, kuma hatsin biyan rance za a gwada shi da kwalba a bakin ƙofa kafin ya hau sikeli. Zama na gaba 6 ga Satumba, bayan an duba gonar ikilisiya.